Zaɓen kyamara da gilashin zuƙowa domin ɗaukar hotunan wasanni

Ƙwallon da ɗan wasa ya buga da ƙarfi kan yi gudun da ya kai kilomita 100 a sa'a guda, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan kyamara ta ɗauki hotonsa da saurin kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, wanda ya wadatar a wurin biki ko taron manema labarai, ƙwallon zai yi tafiyar santimita 11 kafin ta gama ɗauka, sai ya fito a hoton kamar an ja shi da alli. Sai an kai kashi ɗaya cikin 1,000, ko ma cikin 2,000, sannan ƙwallo da ƙafa da fuskar ɗan wasa suke tsayawa cak. Daga nan tsadar kayan ɗaukar hoton wasanni ta samo asali: ana bukatar kyamara ta tara isasshen haske a ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, daga nesa, a kan mutumin da ba ya tsayawa wuri guda.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Babbar kyamara guda da gilashinta na hangen nesa kan haura dala 15,000, kuma da dala ake shigo da su, saboda haka duk motsin da naira ta yi sai ya taɓa farashinsu. Ga gidan jarida, ko ƙungiyar ƙwallo, ko matashin da ya tara kuɗi domin ya kama sana'ar, kuskuren zaɓe kan bi mutum shekaru, domin kowane kamfani da irin bakin da gilasansa ke ɗauruwa a kai. Wanda ya zuba dukiyarsa a gilasan Canon ba zai wayi gari ya koma Nikon ba tare da asara ba.

Galibin masu saye kan fara da tambayar wace kyamara ce ta fi. Tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce ta fili: a ina mai hoto zai tsaya, nawa ne nisansa da 'yan wasa, kuma da wane lokaci ake wasan. Amsar wannan ce ke fitar da gilashin da ya dace, shi kuma gilashin ya fitar da kyamara.

Nisan fili da zangon gilashi

Gilashin kyamara, wanda masu hoto ke kira lens, ana auna zangonsa da milimita. Gwargwadon yawan lambar, gwargwadon yadda yake jawo abin da ke nesa. Akwai mai zango ɗaya tak, kamar 400mm, akwai kuma na zuƙowa, wanda ake murzawa daga wani zango zuwa wani, kamar 70-200mm.

Cikakken filin ƙwallon ƙafa na manyan gasanni yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, kuma a bayan layin raga ake zaunar da masu hoto, bayan allunan talla. Daga can zuwa tsakiyar fili mita 52 da rabi ne. A kyamara mai cikakken faranti, wato wadda farantin karɓar haskenta ya kai milimita 36 da 24, gilashin 400mm yana kama faɗin mita huɗu da rabi da tsayin mita uku daga nisan mita 50. Ɗan wasa zai cika fiye da rabin tsayin hoton, da abokin karawarsa a gefe. Gilashin 200mm a wannan nisan zai kama mita tara da shida, 'yan wasan su zama ƙanana a tsakiyar ciyawa. Amma da zarar wasa ya matso zuwa mita 20, sai al'amarin ya juya: 400mm ba zai kama tsayin da ya wuce mita ɗaya da santimita 20 ba, ya yanke kai ko ƙafa, a daidai lokacin da ake shirin zura ƙwallo a raga.

Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin masu ɗaukar hoto na manyan kafofi da kyamara biyu, wani lokaci uku: ɗaya da 400mm a kan sanda mai ƙafa ɗaya, ɗaya da 70-200mm a rataye a kafaɗa, a ɗauko ta da zarar an shigo da'irar mai tsaron gida.

Sauran wasannin kowanne da nasa. Filin kwando mita 28 ne da 15, saboda haka 70-200mm ya isa, tare da 24-70mm ga wanda ke zaune ƙarƙashin kwando. Filin folo kuwa, irin na Kaduna ko Katsina ko Kano, ya kai mita 274 a tsawo, ya ninka na ƙwallon ƙafa fiye da sau biyu da rabi, kuma a nan ko 400mm kan gaza, sai 500mm ko 600mm. Haka ma sukuwar dawaki. A gidan dambe da fagen kokawa mai hoto yana dab da 'yan wasa, tazarar 'yan mitoci ce, kuma babban gilashi sai dai ya zame masa kaya. Abin da ake nema a can shi ne 70-200mm ko 24-70mm mai shan haske da yawa, domin sau tari turmin da ya fi zafi yakan zo ne bayan rana ta yi sanyi.

Lambar da ke bayan harafin f

A jikin kowane gilashi akwai lamba ta biyu, kamar f/2.8 ko f/6.3. Ita ce ke nuna iyakar faɗin ƙofar da haske ke bi, kuma a juye take tafiya: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin f/4 yana shigar da rabin hasken da f/2.8 ke shigarwa, f/5.6 kashi ɗaya cikin huɗu, f/6.3 kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Mafi yawan bambancin farashi tsakanin gilashin dala 2,000 da na dala 12,000 yana cikin wannan lamba.

Da rana tsaka ba a ganin bambancin sosai. A ƙarƙashin hasken rana mai ƙarfi, gilashin f/6.3 zai ba da saurin kashi ɗaya cikin 2,000 ba tare da an ɗaga ISO sama da 400 ba. ISO shi ne ma'aunin yadda ake ƙara wa faranti ƙarfin amsa haske, kuma idan ya yi sama da yawa hoto kan cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, launi ya dushe. Matsalar tana zuwa ne idan haske ya ja baya. A wurin da f/2.8 ke bukatar ISO 3,200 domin tsayar da ɗan wasa, f/6.3 zai bukaci kimanin 16,000, f/7.1 kuma kusan 20,000. Kyamarorin zamani suna jure wa 6,400 da kyau, wasu har 12,800, amma daga nan zuwa sama hoton yana rasa ƙananan bayanai irin su gumi da zaren riga, waɗanda su ne ke sa hoton wasa ya yi rai.

Ga mai aiki a Najeriya wannan batu yana da fuska biyu. Galibin wasannin gasar Firimiyar ƙasar da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, saboda haka kashin farko cikin wadataccen haske ake yin sa. Sai dai ana tashi dab da ƙarfe shida, kuma a watannin Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana ke faɗuwa da wuri, hazo kuma ya rufe sararin sama a Kano ko Katsina ko Maiduguri, mintuna 20 na ƙarshe kan zo cikin duhu-duhu. Ƙwallon da za a ci a lokacin ita ce sau da yawa ke zama kanun labari. Wanda ke bin manyan wasannin ƙasa da ƙasa kuwa dole ya shirya wa dare: wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka da Najeriya ta buga da Kwaddibuwa a Abijan ranar 11 ga Fabrairun 2024, a ƙarƙashin fitilu aka yi shi daga farko har ƙarshe.

Babbar ƙofa tana da wani amfanin ban da haske. A f/2.8 ɗan wasa kaɗai ke fitowa tar, 'yan kallo da allunan talla da ke bayansa su narke su zama launi kawai. A f/6.3 ana iya karanta rubutun talla a bayan kansa, ido ya rarrabu.

Kada a ruɗu da na'urar hana girgiza da ake tallata gilasai da ita. Rawar hannun mai hoto take gyarawa, ba ta tsayar da mai gudu. A saurin kashi ɗaya cikin 1,000 amfaninta kaɗan ne, sai dai ta kwantar da abin da ake gani a tagar leƙe.

Gilasan da ke kasuwa

Gilashin 70-200mm f/2.8 shi ne na farko da ya kamata duk mai son wannan aiki ya mallaka. Canon da Nikon da Sony duk suna da shi, Sigma ma haka, Tamron kuma tana da mai kama da shi. Nauyinsa tsakanin kilo ɗaya ne da ɗaya da rabi, ana iya riƙe shi a hannu har a tashi wasa, kuma washegari shi ne zai yi aikin taron siyasa, da hawan sallah, da hoton amarya. Babu wani gilashin da ke mayar da kuɗinsa da sauri kamarsa.

A sama akwai 400mm f/2.8, wanda ya daɗe yana sarautar gefen filin ƙwallo. Na Sony da na Canon na yanzu kowanne nauyinsa ya kusa kilo uku, kuma da kimanin dala 12,000 aka fito da su. Na Nikon da dala 14,000 aka fito da shi, amma yana ɗauke da ƙaramin gilashin ƙari a cikinsa, wanda da an tura maɓalli sai ya koma 560mm f/4. Aibin wannan rukuni ɗaya ne: ba ya zuƙowa, ba ya ja da baya.

Tsakanin waɗannan biyu ne manyan gilasan zuƙowa suka samu gurbi. Canon ta fitar da 200-400mm f/4 mai gilashin ƙari a ciki a 2013, Nikon ta biyo da 180-400mm f/4 a 2018, sannan 120-300mm f/2.8 a 2020. A 2023 Canon ta kawo RF 100-300mm f/2.8 a kan dala 9,500. Da irin wannan, mai hoto zai bi ɗan wasa daga kusa da tsakiyar fili har cikin da'irar mai tsaron gida ba tare da ya sauya kyamara ba, kuma ga wanda ke aiki shi kaɗai, ba mataimaki, wannan ya fi ɗan bambancin kaifin da ke tsakaninsa da mai zango ɗaya. A baya Sigma ta daɗe tana yin 120-300mm f/2.8 a farashin da bai kai rabin na manyan kamfanonin ba, kuma ana samun na hannu.

Sai rukuni na uku, masu dogon zango da ƙaramar ƙofa: Sony 200-600mm f/5.6-6.3 na 2019, Nikon 180-600mm f/5.6-6.3 na 2023, Canon 100-500mm f/4.5-7.1 na 2020, da 150-600mm na Sigma da Tamron. Na Sony da na Nikon ba su wuce dala 2,000 ba a lokacin fitowarsu. Ga folo da sukuwa da ƙwallon rana, kayan aiki ne na gaske, kuma ba abin raini ba ne. Gilasan rana ne dai, kuma wanda ya saye su domin wasan dare zai yi nadama.

Akwai gilashin ƙari da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi. Mai ninkawa sau 1.4 yana mayar da 300mm f/2.8 ya zama 420mm f/4, wato ya cinye rabin haske. Mai ninkawa sau biyu yana cinye kashi uku cikin huɗu, yana kuma rage kaifi da saurin saiti. Ba kowane gilashi ne ke karɓarsa ba. Misali, RF 70-200mm f/2.8 na farko da Canon ta yi ba ya karɓa, sai wanda ta fitar a 2024.

Kafin a yanke shawara kan kamfani, a duba matsayinsa game da gilasan wasu. Bakin E na Sony ya daɗe a buɗe ga Sigma da Tamron, shi ya sa ya fi yawan zaɓi mai rangwame, amma manyan kyamarorin Sony ba sa wuce hoto 15 a daƙiƙa idan gilashin ba na Sony ba ne. Canon ta fi tsaurarawa a kan bakinta na RF. A ɗaya ɓangaren, tsofaffin gilasan Canon na EF da na Nikon na F suna aiki a sababbin kyamarorin kamfanonin ta hanyar zoben haɗi, kuma su ne suka fi yawa a kasuwar kayan hannu.

Abin da ake nema a jikin kyamara

Na farko shi ne saiti, wato yadda kyamara ke kama ɗan wasa ta riƙe shi tar yayin da yake gudu, ko da wani ya gifta ta gabansa. Hoton da saitinsa ya kuskure babu gyara a kansa. Kyamarorin da ba su da madubi a ciki, waɗanda suka mamaye kasuwa a 'yan shekarun nan, suna gane kai da fuska da idon mutum, su bi shi har gefen hoto. Canon EOS R1 da R5 Mark II, na shekarar 2024, suna da tsarin da aka horar musamman a kan ƙwallon ƙafa da kwando da ƙwallon raga, wanda ke karkata saiti ga ɗan wasan da ke shirin bugu. Ba a horar da shi a kan dambe ko kokawa ba, kuma a can gane fuska da ƙwarewar mai riƙe da kyamara su ne abin dogaro.

Na biyu shi ne saurin karanta faranti, kuma shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi. Idan kyamara na ɗauka ba tare da labulen ƙarfe ba, tana karanta farantin ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. In karatun ya yi jinkiri, abin da ke gudu zai gusa kafin a kai layin ƙarshe: ƙwallo ya fito kamar ƙwai, sandar folo ta lanƙwashe, turken raga ya karkace idan ana bin ɗan wasa da kyamara. Akwai kyamarori masu sauƙin kuɗi da ake tallatawa da hoto 30 ko 40 a daƙiƙa, alhali a wannan saurin suna da wannan lahani. Maganinsa shi ne faranti mai hawa-hawa, wanda Sony ta fara kawowa cikin cikakken faranti da A9 a 2017. Nikon ta amince da shi har ta cire labulen ƙarfe ɗungurum daga Z9 a 2021. Sony A9 III, wadda aka sanar a Nuwamban 2023, ta wuce nan: tana karanta farantin gaba ɗaya a lokaci guda, babu karkacewa ko kaɗan. Ladan hakan shi ne ISO ɗinta daga 250 yake farawa, kuma ingancin hotonta a wuri mai tsananin haske da inuwa ya ɗan gaza na takwarorinta.

Na uku shi ne yawan hotuna a daƙiƙa. Nikon D6 tana ɗaukar 14, Canon 1D X Mark III 16 ta tagar leƙe, Z9 20 a cikakken inganci, Sony A1 da Canon R3 30, R1 40, A9 III kuma har 120. Lambobin suna da ban sha'awa, amma kowane hoto sai an zauna an duba shi. Tseren tsallake shinge na mita 100 da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da shi a Yujin ta Amurka a Yulin 2022 daƙiƙa 12.12 ya ɗauka. Kyamara mai 30 a daƙiƙa da aka danne daga farko zuwa ƙarshe za ta fitar da hoto sama da 360, edita kuma ɗaya ko biyu yake jira. Ga ƙwallon ƙafa 15 zuwa 20 sun wadatar. Abin da ya fi wannan amfani shi ne tsarin da ke ajiye hotunan rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya kafin a kammala danna maɓalli, wanda Z9 da A9 III da R1 duk suke da shi. Ɗan dambe kan sauke hannu kafin yatsan mai hoto ya motsa, kuma da wannan tsarin ana samun bugun da ya yi kisa, ba faɗuwar kaɗai ba.

Batun megafiksel ya fi sauƙi. Canon da Nikon sun shafe shekaru suna yin manyan kyamarorin wasanninsu da megafiksel 20, R3 da R1 da A9 III kuma 24 suke da shi. Hoton megafiksel 20 zai cika santimita 46 da 31 a bugu mai inganci, ya fi ƙarfin shafin farko na jarida, balle shafin intanet. Amfanin masu 45 ko 50, irin Z9 da Z8 da A1 da R5 Mark II, shi ne yanka: idan aka yanke tsakiyar hoton Z9 yadda 300mm zai yi kamar 450mm, za a rage da kimanin megafiksel 19. Ga wanda ba zai iya sayen 400mm ba, wannan hanya ce mai kyau. Kuɗinta shi ne manyan fayiloli, da katin ajiya mai tsada, da kwamfuta mai ƙarfi. Irin wannan riba ake samu daga kyamarori masu ƙaramin faranti, kamar Canon R7 ko tsohuwar Nikon D500, waɗanda ke sa zango ya yi kamar an ninka shi sau 1.6 ko 1.5, sai dai ba sa jure wa duhu kamar masu cikakken faranti.

A duba kuma ko kyamarar tana da maganin ƙyaftawar fitila. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙyaftawa sau 100 ba tare da ido ya gani ba. A babban sauri sai hoto ɗaya ya fito da haske, na biye da shi ya yi duhu ko ya sauya launi. A zaurukan wasanni da gidajen dambe masu amfani da janareta abin ya fi bayyana.

Farashin da aka fito da manyan kyamarorin a Amurka shi ne: Z9 dala 5,500, Z8 4,000, R3 da A9 III 6,000 kowacce, R1 6,300, R5 Mark II 4,300, A1 kuma 6,500. Ƙasa da su akwai Canon R6 Mark II da Nikon Z6 III, da aka fito da su a kan kimanin 2,500, waɗanda ke yin galibin aikin da mai ɗaukar hoton gasar cikin gida zai bukata.

Daga gefen fili zuwa teburin edita

Ga kamfanin dillancin labarai, hoton da ya iso bayan kowa ya wallafa nasa ya rasa rabin darajarsa. Saboda haka manyan kyamarori irin su Z9 da R1 da R3 da A1 suke da ramin wayar intanet a jikinsu, suna kuma iya tura hoto kai tsaye zuwa rumbun ofis, ko ta wayar salula. Akwai maɓallin naɗar murya, inda mai hoto zai faɗi sunan ɗan wasa da mintin da abin ya faru, edita ya rubuta bayanin hoto ba tare da ya kira shi ba. Z8, duk da farantinta ɗaya da na Z9, ba ta da ramin wayar, kuma batirinta ƙarami ne. Wannan na cikin dalilan bambancin dala 1,500 da ke tsakanin farashin da aka fito da su.

Galibin hotunan da ake aikawa daga fili JPEG ne, domin sun fi sauƙi da sauri. Tun a 2015 kamfanin Reuters ya umarci masu yi masa aikin sa-kai na biya da su riƙa aiko da hotunan da aka ɗauka a JPEG, ba waɗanda aka sarrafa daga RAW ba. Ramin kati biyu wajibi ne ga mai aikin kuɗi, domin kati kan mutu ba sallama. Canon da Nikon suna amfani da CFexpress nau'in B, Sony kuma nau'in A, kuma ba sa shiga ramin juna.

Ofishin da ke da masu hoto da yawa ya fi samun sauƙi idan duka kayansa na kamfani ɗaya ne, a riƙa musayar gilasai da batura. A Yulin 2020 kamfanin Associated Press ya sanar da mayar da dukan masu ɗaukar hoto da bidiyonsa a duniya kan kayan Sony.

Ƙura, zafi da damina

Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Gilasan zuƙowa iri biyu ne: masu miƙewa su yi tsawo idan an murza su, da masu yin motsinsu a ciki. Masu miƙewa suna zuƙar iska su fitar kamar zugazugi, su ja ƙura. Sony 200-600mm da Nikon 180-600mm a ciki suke motsi, Canon 100-500mm da 150-600mm na Sigma da Tamron kuwa miƙewa suke yi. Sauya gilashi a fagen kokawa ko gefen filin sukuwa yana jefa ƙura kai tsaye a kan faranti, wani dalilin ke nan na riƙe kyamara biyu. Z9 da Z8 da wasu na Canon da Sony suna rufe farantin idan an kashe su.

Zafi ma yana da nasa. Da tsakar ranar bazara, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi kan sa abin da ke nesa ya riƙa rawa, kuma babu gilashin da ke maganin wannan komai tsadarsa. Wanda ya ga hotunansa na 600mm sun yi laushi a watan Afrilu kada ya yi saurin zargin kayansa. A kudancin ƙasar, kamar Uyo da Fatakwal da Legas, abokin gaba shi ne laima: gilashin da aka bari a jaka lokacin damina kan yi fumfuna a ciki, wadda ke cin rufin gilashin. A ajiye shi a akwati mai rufuwa ruf da ƙwayoyin tsotse laima, a kuma tanadi rigar ruwa ta kyamara. Kyamarori marasa madubi sun fi cin batir, saboda haka batura biyu na ƙari da damar yin caji ta USB-C daga ma'ajiyar wuta ta hannu suna da muhimmanci a filin da ba tabbas na lantarki.

Rabon kuɗi da sayen na hannu

Idan kuɗi ba su isa komai ba, gilashi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka. Kyamara kan tsufa cikin shekara huɗu ko biyar, sabuwa ta fito ta karya farashinta, gilashi mai kyau kuwa yana aiki shekara 15 ko fiye, kuma yana riƙe darajarsa idan an tashi sayarwa. Kyamarar dala 2,500 da gilashin f/2.8 za ta fi ta dala 6,000 da gilashin f/6.3 fitar da hoto a wasan dare. A kuma ware wani abu domin katunan ajiya, da batura, da sanda mai ƙafa ɗaya, da jaka, domin idan an haɗa su kuɗi ne masu kauri.

Komawar manyan kamfanoni kan kyamarori marasa madubi ta buɗe wata ƙofa. A ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa 1D X Mark III ce za ta zama ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi, ƙwararru a Turai da Amurka kuma sun yi ta sayar da tsofaffin kayansu. Canon 1D X da Mark II ɗinta, da Nikon D5 da D500, da gilasan EF da F na 300mm da 400mm f/2.8, yanzu ana samun su a kan wani ɓangare na farashinsu na asali. Da irin waɗannan aka ɗauki gasar Olamfik ta Riyo a 2016 da Kofin Duniya na Rasha a 2018. Suna da nauyi, suna da ƙara, ba sa bin ido kamar sababbi, amma batirinsu yana daɗewa, kuma suna jure wahala.

Mai sayen na hannu ya nemi adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka. An ƙera labulen 1D X Mark III domin ɗauka 500,000, na D6 da D5 kuma 400,000, kuma kyamarar da ta fito daga hannun mai hoton wasanni tana iya cinye rabin wannan cikin 'yan shekaru. A haska tocila ta cikin gilashi a duba fumfuna da hazo, a saurari injin saiti ko yana ƙugi, a murza zoben zuƙowa daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. A ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama da ƙaramar ƙofa, kamar f/16, domin tabo ko ƙarzuwar faranti su bayyana. Batura da katunan jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma kayan da aka shigo da su ba ta hannun dilan kamfani ba galibi ba su da garanti a cikin ƙasa, saboda haka a tambayi inda za a kai gyara tun kafin a biya. In da hali, a ari irin kayan ko a yi hayarsu, a kai su wasa guda a filin da za a riƙa aiki, a tsaya har alƙalin wasa ya busa tashi, sannan a buɗe hotunan mintuna goma na ƙarshe a kan kwamfuta.